Kwana Biyu A Badagry: Inda Ake Tsimi Da Inda Ba A Yi

A wannan makon za mu fita shan iska ne, ko da yake mai harkar magani duk inda za shi da jakarsa yake tafiya.

Akwai gidaje da yawa a Agege, Mile 12 da Idi-Araba da aka haifi yara a Legas, suka yi firamare suka gama, amma ba su taɓa tsayawa a gaban teku ba, iyakarsu ruwan da ake hangowa daga kan gada. Manyan da suka daɗe a garin za su tuna Bar Beach, inda ake kwasar yara ranar Sallah. Yau babu shi, an cike wurin da yashi an kafa Eko Atlantic. Wuraren da suka rage ta ɓangaren Lekki galibi na 'yan kasuwa ne: a biya kuɗin shiga kowane kai, a biya na rumfa, wani wurin har abincin da aka zo da shi daga gida sai an biya masa. Maigida mai 'ya'ya biyar yana gama lissafi sai ya ce a bari sai baɗi.

To, ta yamma akwai Badagry, kuma iyali za su iya shirya tafiyar kwana biyu da kansu, ba kamfanin yawon buɗe ido, ba cin bashi. Sharaɗin kawai shi ne a san inda za a matse hannu. Mota, abinci da ƙawar masauki duk ana iya tsimi a kansu. Abu uku ne ba a yi musu rowa: tsaron rai a bakin ruwa, ruwan sha, da magani.

Me ya sa Badagry?

Tsohon gari ne na mutanen Egun, a kan hanyar Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 70 daga tsakiyar Legas. Garin kansa yana bakin wata ƙorama mai faɗi ce mai kwanciyar ruwa, teku kuma yana bayan wani siririn tsibiri mai yashi da itatuwan kwakwa. Yawancin wuraren tarihi suna kusa da juna a layin da ake kira Marina, da ƙafa ake zaga su. Wannan kaɗai ya rage kuɗin abin hawa.

Garin kuma ba baƙo ba ne a tarihinmu. A ƙarshen 1825 daga nan Baturen Ingila Kilafaton ya kama hanya, ya bi ta Oyo da Busa da Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a ƙasar Sakkwato ya rasu a watan Afrilu na 1827. Cikin 'yan rakiyarsa har da wani Bahaushe tafinta da Turawa ke kira Pasko. Babbar hanyar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikinta a 2024 ma, daga Sakkwato zuwa Badagry aka shata ta.

Lokaci da hanya

Ruwan sama ya fi ƙarfi a Legas daga Mayu zuwa Yuli, kuma teku ya fi haushi a watannin damina. Disamba rani ne, amma lokacin ne kowa ke fita, masauki da mota su yi tsada. Mai neman sauƙi ya duba ƙarshen Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa Maris. Idan yara na hutu, a zaɓi tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi akwai cinkoso da kiɗa, ga ciniki ba ya faɗuwa.

Mutanen Agege ba sai sun shiga cikin gari ba. Su bi ta Iyana Ipaja da Igando su ɓulla Iyana Iba, kusa da Jami'ar Jihar Legas, nan akwai motocin Badagry. Wanda ya taso daga tsibiri zai iya hawa jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023, daga Marina ta Legas zuwa Mile 2, ya kama mota daga can. Ga yaro, hawan jirgin ma wani yawon ne. Daga nan hanya ɗaya ce, ta Okokomaiko da Agbara.

A yi sammako, da an idar da sallar asuba. A hanyar nan gosulo ne ke yanke tsawon tafiya, ba kilomita ba. Kasancewarta hanyar iyaka, akwai shingayen jami'an tsaro da na kwastan da na shige da fice, musamman bayan Agbara. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa ko takardar NIN, 'yan makaranta su riƙe katin makaranta. Mai motar kansa ya duba takardunsa tun a gida.

Lissafin kuɗi

Farashi a wannan zamani ba ya kwana inda ya yini, don haka a yi tambaya a makon da za a tafi: a kira masauki biyu ko uku, a tambayi direbobi a tasha. Sannan a raba abin da aka tara gida biyar. Biyu na masauki, ɗaya na mota zuwa da dawowa, ɗaya na abinci da kuɗin shiga wurare da na jirgi. Na biyar a ba uwargida ta ƙulle a bakin zane, ba a taɓa shi sai mota ta lalace ko wani ya kwanta. Idan an dawo da shi lafiya, ya zama jarin tafiya ta gaba. Idan gida huɗun ba su ɗauki tafiyar ba, a mayar da ita ta yini ɗaya, kada a ci na biyar.

Haɗa kai da wani gidan na rage nauyi sosai. Iyali biyu su ɗauki shatar bas ɗaya, su yi cinikin jirgi da na ɗan jagora a dunƙule. Wanda ya fara zubin adashe wata uku kafin tafiya ba zai ji ta a jikinsa ba. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin mai jirgi da mai kwakwa ba su da lokacin jiran turawa ta waya. Duk wani ciniki, na jirgi ne ko na rumfa, a gama shi kafin a hau ko a zauna, a kuma tabbatar kuɗin jirgi na zuwa da dawowa ne.

Game da masauki, ƙananan otal na cikin gari sun fi na bakin ruwa araha nesa ba kusa ba. Kafin a biya a shiga a ga ɗakin. Ba talabijin za a duba ba: akwai ruwa a banɗaki, tagogi na da raga, ƙofa na kulluwa, ƙarfe nawa ake tada janareta? A taho da gidan sauro daga gida da 'yar igiyar ɗaura shi. Gari ne na bakin ruwa, sauronsa ba ya hutu.

Ranar farko: cikin gari

Bayan an ajiye kaya an huta, a fara da gidan tarihi na Badagry, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Nan ne za a samu labarin a jere, daga yadda ake kamo bayi har zuwa hana cinikin. Kusa da shi akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Bakatsinen da ya san Hasumiyar Gobarau zai yi murmushi, don haka a gaya wa yara cewa na farko ne a irin ginin Turawa. Akwai kuma ɗan ƙaramin gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda ake ajiye da sarƙoƙi da maruruwa na ainihi. A bar yaro ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta, ya fi karatun shafi goma.

Wurin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama babban dillalin bayi, ya riƙe sarautar Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin ma sarkinmu ce Yarbawa suka ara. A gidan akwai ɗakuna arba'in ƙanana da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, masu kula da wurin kuma suna cewa mutum arba'in ake cusawa a kowane ɗaki. Idan aka shiga aka ga girman ɗakin da 'yar tagar da ke sama, ba a bukatar ƙarin bayani.

Kada mu ɗauka labarin wasu ne. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, har ta kai a Bahiya ta ƙasar Birazil bayi Hausawa ne suka shirya bore a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Yara za su yi tambayoyi masu nauyi, ciki har da yadda aka yi Musulmi ya sayar da mutane. A amsa musu da gaskiya gwargwadon shekarunsu. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara bakwai kuwa, ba dole ne a shigar da su ɗakunan ba.

Ranar biyu: tsibiri da teku

Da safe, kafin rana ta yi zafi, a tsallaka ƙoramar zuwa tsibirin Gberefu. Tafiyar 'yan mintuna ce a jirgi mai inji, kuma nan ne wuri na farko da ba a tsimi. Kowa sai ya sa rigar kariya daga nutsewa, a ɗaure ta tamau, yaro a nema masa daidai jikinsa, domin babba a jikin yaro zamewa take yi ta kai idan ya faɗa ruwa. Jirgin da ba shi da riguna, ko wanda aka yi wa lodi fiye da kima, a bar shi ya tafi ko da rabin kuɗi ne. Kada a bari duhu ya yi kafin a dawo.

Daga inda aka sauka akwai tafiyar ƙasa ta kusan rabin awa cikin yashi, hanyar da bayi suka bi zuwa inda ake kira wurin da ba a dawowa. A hanya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. A kalla kawai, kada a sha. Tsofaffi, masu juna biyu da masu ciwon gwiwa su auna ƙarfinsu. Wanda ba zai iya ba, akwai Suntan Beach a kan hanyar Seme, mota na kaiwa har kusa da ruwa.

Yanzu ga maganar da ta fi komai. Tekun wannan gaɓa ba kogi ba ne, ba kuma kududdufi ba. Wanda ya iya iyo a Kogin Kaduna ko a dam ɗin Tiga kada ya ɗauka ya iya wannan. Ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciya: ba kumfa, igiya ba ta fashewa, ruwan ya ɗan fi duhu. Nan ne uwa za ta ce wa yara su je don ya fi lafiya, alhali nan ne bakin ramin.

Don haka dokar gidanmu ta zama ɗaya: ruwa iya idon sawu ga yara, iya ƙwauri ga manya, kuma ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto. Mata mu lura, dogon hijabi da zane da abaya idan suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da mutum. A tsaya inda ruwa ke zuwa ya shafi ƙafa ya koma, daɗin duka yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar a fim, shiru yake tafiya. Yawanci kuma manya na wurin, kowa ya ɗauka wani ne ke kallo. A ambaci sunan mutum ɗaya a ce kai ne mai gadi na rabin awa, ba waya, ba hira, sannan a canza. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi.

Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye. Ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Na tudu kada su faɗa, haka ake rasa mutum biyu a gida ɗaya. A jefa masa jarka marar komai mai murfi a rufe, a kira masunta, a buga 112 ko 767. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki don fitar da ruwa. Wanda ya shaƙi ruwa yana tari ko numfashinsa na sama-sama, a kai shi babban asibitin garin ko da ya ce ya warware.

Ruwan sha da abinci

Guzuri daga gida shi ne babban tsimi, amma a zaɓi mai jure zafi: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, cincin, biredi, garin kwaki, dabino, lemo da ayaba. Dafaffiyar shinkafa da taliya da wake a cinye su cikin awa biyu, domin ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a shinkafar da ta jima a ɗumi tana barin gubar da ɗumame ba ya kashewa. Fura da nono da kunun aya a bar su a gida.

Ruwa kuwa, na roba ko na leda mai lambar NAFDAC, a saya da yawa a cikin gari inda ya fi araha. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. A guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba da zoɓon da aka ɗura a tsohuwar roba. Kifi a ci wanda aka gasa a gaban ido, da zafinsa. Wanda bai taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. Borin jini kaɗai ƙwaya na maganinsa, amma kumburin leɓe ko harshe, ko sarƙewar numfashi, na asibiti ne nan take. Ruwan kwakwa, wanda garin ya yi suna da ita, yana da kyau ga mai lafiya, sai dai mai ciwon ƙoda ya yi hankali saboda yawan sinadarin fotashiyam da ke cikinsa.

Jakar magani

Ba ta bukatar girma. A sa ORS kamar leda shida da ƙwayar zink. Ana ba yaro mai gudawa zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Idan ORS ya ƙare, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A sa farasitamol na manya da na yara tare da ma'auninsa, da loratadin don borin jini, da filasta, bandeji, aidin da sabulu. A sa man korar sauro mai DEET, amma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba.

Masu amai a mota su zauna gaba, su ci abu marar maiƙo. Avomine da Phenergan suna taimakawa, sai dai suna sa barci, don haka direba ba ya sha, haka ma Piriton. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba sam, na sama da haka kuma a tambayi mai kantin magani adadin.

Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko farfaɗiya ya ɗauki maganin kwana biyar ko da tafiyar ta kwana biyu ce, a cikin jakar hannu. Abin shaƙa na mai asma ya kasance a aljihunsa, ba a masauki ba. Insulin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ba ya kuma son daskarewa, don haka a naɗe shi da tsumma a sa a kula, kada ya taɓa ƙanƙara, kada a bar shi a motar da ke rana. Mai suga ya riƙe alewa saboda tafiyar yashi, kuma kada ya cire takalmi. Yara ma su zauna da silifas, domin ban da kwalba da ƙusa, yashin da karnuka ke bi yana ɗauke da tsutsar da ke shiga fata ta yi zane mai ƙaiƙayi.

Baƙar fata ma rana na ƙona ta. A nemi inuwa daga sha ɗaya na safe zuwa uku na yamma, a sa hula ko lema. 'Yan'uwana masu shafa man ƙara haske, musamman mai haidurokwinon ko sitiroyid, fatarku ta riga ta yi rauni, yini ɗaya a rana na iya barin baƙin tabon da zai yi watanni. A nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama. Haka ma mai shan doksisaikilin.

Bayan an dawo gida, duk wanda ya yi zazzaɓi, ko da bayan mako ɗaya ko biyu ne, a yi masa gwajin maleriya kafin a sayi magani.

Wanda ya riga ya kai iyalinsa ya rubuto mana abin da ya tarar, musamman farashin mota da na masauki, don na baya su amfana. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.